Dubu ɗari shida a kalli zakin katako: ranar da na kai yara gidan wasa a Landan

Tun kafin bizarmu ta fito Yaya da ke zaune a Landan ta saka ma 'yata Ummi zuwa kallon wasan dandali na The Lion King a rai. Duk kiran bidiyo da za'ayi sai tace mata "in kunzo zan kaiki kiga zaki yana waƙa", ita kuma yarinya ta riƙe maganar kamar karatun allo, har ƙawayenta na makaranta ta gama shelanta musu. Ni ban ɗauki abin da wani nauyi ba, a zatona irin sinimar nan ce da ake shiga a siya gugguru a zauna awa ɗaya a fito. Sai da muka sauka Landan tsakiyar watan Agusta na 2024, muka kwana biyu muna warware gajiya a gidan Yaya a Woolwich, sannan da daddare bayan yara sun kwanta ta ɗauko kwamfutarta tace toh matso mu zaɓi kujera. Nan fa idona ya faɗa kan lamba.

Fam 95 kujera ɗaya. Nace wannan na manya kenan, na yara fa? Tayi dariya tace ke babu wani na yara, kujera ake siya ba kai ba, ɗan shekara uku ma cikakken kuɗi ake biya masa, wanda bai kai uku ba kuma ba'a ma barinshi ya shiga. Ni kuma Allah ya jarabce ni da lissafi, shekara goma sha ɗaya ina saida atamfa da leshi, bana iya ganin farashi in ƙyale shi sai na juya shi zuwa naira. A lokacin fam ɗaya ya ɗan haura dubu biyu, kenan kujera ɗaya ta kusa dubu ɗari biyu, ni da Ummi da Auta kusan dubu ɗari shida. Kuma ku tuna watan da ya gabata ne aka sa hannu a mafi ƙarancin albashi na dubu 70, mun baro Kano zanga-zangar tsadar rayuwa bata daɗe da lafawa ba, mutane na neman na masara. Wato wurin zaman Auta na awa biyu da rabi ya kusa albashin wani magidanci na wata uku. Wallahi sai da naji wani abu ya tsaya min a maƙogwaro.

Yaya tace ita zata biya, ai ita ta ɗauko maganar. Naƙi. Matar nan jinya take a asibiti, aikin dare take yi ta dawo da safe idanu jajir, ga abincinmu ga komai a kanta, ga nata ɗan da zata siya ma tikiti, yaron da muke tsokana da Bature don Hausarshi duk a karye take. Nace kowa ya biya ma nashi. Amma kafin nan sai da na titsiye ta, ba hanyar sauƙi? Tace akwai wani shiri da gidajen wasan Landan keyi duk lokacin hutun nan, Kids Week suke ce masa, babba ya siya nashi tikitin a ba yaro ɗaya kyauta, sai dai tun farkon bazararsu ake fara siyarwa kuma wawashe shi ake yi, ita kuma bata siya ba tunda bamu da tabbas ɗin biza. Akwai kuma rumfar TKTS a Leicester Square inda ake saida tikitin ranar da ragi, amma abinda ka tarar shi zaka ɗauka, samun kujera biyar a jere da yara kuwa sai sa'a. Akwai kujerun can sama da basu kai rabin kuɗin ba. Na nuna su da yatsa nace waɗannan. Ta girgiza kai tace in dai wannan wasan ne, kuma sau ɗaya zakuyi a rayuwa, ƙasa za'a zauna kuma bakin hanya, kar ki tambaye ni dalili zaki gani.

Na kira Abban Ummi don kar ya ga fitar kuɗi a asusu yayi zaton an damfare ni. Yayi shiru yana sauraro har na gama, sannan yace "yanzu dubu ɗari shida za'a kashe a kalli zakin katako? Ga na gaske nan a gidan zu, in kun dawo in kaisu har da rake a hanya." Nayi dariya amma raina na gaya min gaskiyarshi. Daga ƙarshe yace tunda anyi ma yarinya alkawari a cika, amma Auta fa me ya sani?

Wannan tambayar ita ce wadda ya kamata in tsaya a kanta, ban tsaya ba. A shafin da muke siyan tikitin an rubuta ɓaro-ɓaro cewa wasan yafi dacewa da ɗan shekara shida zuwa sama. Auta huɗu gareshi. Yaya ma tace a barshi gida wurin mijinta su sha kallon katun. Nace ina, ya za'ayi a fita da 'yar uwarshi a barshi yana kuka, gobe ya girma yaga hoto babu shi ince masa me? Na danna na biya. Babu wanda ya yaudare ni, da idona na karanta.

Ranar Laraba ce, wasan rana, ƙarfe biyu da rabi. Muka hau jirgin ƙasa na layin Elizabeth daga Woolwich, yara 'yan ƙasa da shekara 11 kyauta suke shiga in suna tare da babba, wannan kam yamin daɗi. Muka sauka Tottenham Court Road muka taka da ƙafa zuwa Covent Garden, don Yaya tace tashar Covent Garden ɗin kanta cunkoso gareta, in baka samu lif ba matakala 193 ke jiranka. A dandalin kasuwar muka tarar da wani mutum a kan keke mai taya ɗaya dogo kamar falwaya, yana wurga wuƙaƙe sama yana caɓewa yana ta zuba surutu, jama'a sun zagaye shi. Auta ya ƙame a wurin baki buɗe. Da ƙyar muka janye shi bayan ya jefa fam ɗaya a hular mutumin, yana tafiya yana waiwaye. Ku riƙe wannan fam ɗayan a ranku.

Gidan wasan sunanshi Lyceum, yana kan titin Wellington dab da Strand, tsohon gini ne mai dogayen ginshiƙai a gaba, Yaya tace gaban ginin tun 1834 yake tsaye. Tun 1999 wasan The Lion King ke gudana a cikinshi, sau takwas a sati, wato tun ina 'yar firamare suke abu ɗaya kuma har yau cika yake. Aka duba jakunkunanmu a ƙofa, muka wuce ta gaban teburin da ake saida 'yan tsana da riguna na kama hannun yaran nan gam ban ko bari sun juya ba. Ciki kuma ja da ruwan gwal ko ina, hawa uku, yana cin mutum wajen dubu biyu da ɗari ɗaya. Na ɗaga kai na hango kujerun da naso siya can ƙololuwa, mutanen kamar tururuwa. Wata ma'aikaciya ta miƙo mana matashin da ake ɗora ma yara a kujera don su hango gaba. Hagu da dama na dandalin, a ɗan sama, makaɗa ne zaune cikin ganguna iri iri, kana ganinsu ba'a ɓoye su ba.

Aka rage wuta. Wata mata ta fito ita kaɗai, fuska duk zane, da sanda a hannu, ita ce birin cikin labarin mai suna Rafiki. Ta buɗe baki ta ƙwala kira da harshen Zulu, ba kiɗa ba komai, murya kawai. Ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba amma tsigar jikina ta tashi, irin yadda takan tashi in zabiya ta ɗauki murya a gidan biki tsakar dare. Wasu muryoyi suka amsa mata daga sama ta gefenmu. Bayanta rana ta fara ɓullowa a hankali, ƙatuwa, an yi ta da siraran ƙyallaye tana ɗan rawa kamar yadda rana keyi in ana zafi. Sai ga raƙuman dawa guda biyu suna ratsa gabanta, mutane ne a duƙe a kan dogayen sanduna huɗu, biyu a hannu biyu a ƙafa, wuyan dabbar na ɗaure a kansu, tafiyar kuma sak.

Ina cikin kallon gaba Ummi ta finciki mayafina tace "Mama, Mama bayanki!" Na juya. Giwa. Giwa ce guda tana tahowa ta hanyar da muka bi muka shigo, tsakanin kujeru, mutum huɗu a cikinta kowa a ƙafa ɗaya, ɗanta na biye da ita a baya. Ta wuce dab da ni har naji iskar kunnenta, da na miƙa hannu zan taɓa. Ta ɗaya hanyar karkanda, ga masu tsuntsaye suna juya su a saman kawunanmu da dogayen sanduna, ga wata tana tura wani abu kamar keke barewa na tsalle a jikinshi ɗaya bayan ɗaya. Na kalli Yaya ta ɗaga min gira, wato kin gani ko. Na kalli Ummi hawaye ne a fuskarta tana dariya. Auta ya miƙe tsaye a kan matashinshi yana nuna giwa yana ihu, a lokacin kowa ihu yake babu wanda ya damu. Mintuna biyar ɗin nan, gaskiya, na manta da naira.

Abinda yafi tsaya min a rai shine basu ɓoye mutum. Zakin nan da Abban Ummi ke ma dariya, fuskar zakin ba'a kan fuskar ɗan wasan take ba, a saman kanshi take zaune kamar rawani, kana ganin mutumin kana ganin zakin lokaci guda. In ya fusata ya duƙa sai fuskar ta zamo gaba ta rufe tashi, nan take ya koma dabba. Sai na tuna kakanmu na wajen uwa a ƙauye, maharbi ne, yana da kan burtu da yake ɗaurawa a goshi ya rarrafa cikin ciyawa yana gyaɗa shi har ya kusanci nama. Muna yara mukan sace shi mu ɗaura muna tsoratar da juna. Dabarar ɗaya ce, sai dai su sun zuba mata kuɗi da fitilu. Har ciyawar daji ma mutane ne suka fito daga ƙasa da faifan ciyawa a ka suna rangaji. Wadda ta tsara duk wannan mace ce, Julie Taymor, an fara wasan a Amurka a 1997, kuma ita ce mace ta farko da ta ci kyautar Tony, babbar kyautar wasan dandali ta Amurka, a ɓangaren bada umarni a wasan waƙa. Na faɗa ma Ummi wannan daga baya don nasan zata so ji.

Wani abu dai, Afirkar da ke kan dandalin ba tamu bace. Sunayen na Suwahili ne, waƙoƙin da ba na Turanci ba na mutanen kudu ne, wani mawaƙin Afirka ta Kudu Lebo M shi ya shirya su. Na kasa kunne ko zanji abu ɗaya da yayi kama da namu banji ba, in banda sunan birin da duk wanda yayi islamiyya ya san daga rafiƙi yake. Kura ce kawai na gane. Kurayensu guda uku sak kurar tatsuniyarmu, ga kwaɗayi ga wauta ga tsoro, har na raɗa ma Ummi nace saura Gizo ya fito ya wanke su.

Toh kurayen nan su suka fara ɓata mana lissafi. Da aka shiga wurin ƙasusuwan giwaye, wuta tayi duhu, hayaƙi na tashi, suna wannan dariyar tasu, Auta ya sauko daga kujerarshi ya haye cinyata. Daga nan bai ƙara komawa ba. Kujerar dubu ɗari biyu ta zama wurin ajiye jakata da rigar sanyinshi. Da aka zo wurin da garken shanun daji ya rugo, abin yana ƙara girma yana matsowa kamar zai zubo kanmu, ganguna na tashi har cikin ƙirji, yaron nan ya cusa kai cikin mayafina yana karkarwa. Uban zakin ya faɗo. Gidan yayi tsit, mutum dubu biyu ko tari babu. A cikin wannan shirun ne Auta ya leƙo ya tambaya da iyakar muryarshi, "Mama ya mutu ne? Wa ya kashe shi?" Wata dattijuwa a gabanmu ta juyo ta kalle ni ta saman tabarau, bata ce komai ba, da ma tace. Na toshe masa baki ina raɗa masa, shi kuma sai ƙara tambaya yake, za'a kaishi asibiti? ina mamanshi? Bature ya sunkuyar da kai kamar bai sanmu ba.

Ummi kuwa bata ma san anayi ba. Zakanyoyi sun fito makoki, kowacce ta kama wani farin ƙyalle daga idon fuskar da ke kanta tana ja yana zuba har ƙasa, hawaye kenan. Yarinyar nan ta taɓa ganin katun ɗin a waya yafi sau goma, ta san zai mutu, amma kuka take harda shessheƙa, ta riƙe hannun Yaya. Ban taɓa ganin ta nutsu a kan abu ɗaya haka ba, ita da ko cin abinci sai ta tashi sau uku.

Aka tafi hutun rabin lokaci. Al'adarsu ce a sha askirim a wannan hutun, 'yan ƙananan kofuna da cokali a cikin murfi, Yaya ta siya ma kowa ta hana ni ganin kuɗin, tace yau dai ki huta da lissafi. Na tambayi Auta ko zaiyi fitsari yace a'a. Na sake tambaya yace a'a. Duk uwa ta san ƙarshen wannan labarin.

An dawo an fara da tsuntsaye masu launi suna shawagi a kanmu, sai aka nuna fari ya sauka a ƙasar, wani shuɗin ƙyalle shimfiɗe a dandali a matsayin tafki, ana janye shi a hankali ta wani rami a tsakiya har ya ƙafe ƙaf. Wanda ya taɓa ganin tafkin ƙauye a watan Afrilu ba sai an masa bayani ba. Ana cikin haka Auta ya fara mutsu-mutsu, "Mama fitsari." Nace ka riƙe. "Mama zai zubo." Haka na ɗauke shi a duƙe muka fita, Allah ya taimake ni bakin hanya muke ban taka ƙafar kowa ba. Muka gama, muka dawo, ma'aikacin ƙofa yace cikin ladabi mu ɗan jira sai an kai inda shigarmu bazata dami mutane ba. Ina tsaye a bayan ƙofa ina jin waƙa na tashi, naji gidan ya ɗauki tafi. Da muka zauna Ummi ta juyo idanu waje tace "Mama kin rasa! Babanshi ya fito a sama, fuskarshi ta haɗu gutsure gutsure cikin taurari, ƙatuwa!" Yaya tace wurin da yafi ko ina kyau kenan. Nace madalla. Minti goma bayan nan Auta yayi barci a ƙirjina har da munshari, bai farka ba sai da aka kunna wuta ana tafin ƙarshe, ya buɗe ido yace ina giwa.

Da muka fito rana na nan kamar la'asar bata yi ba, a watan Agusta sai bayan takwas take faɗuwa a can. Muka taka zuwa gadar Waterloo don yara su ga kogi. Ummi tayi shiru tun daga ƙofa, har na fara tunanin ko wani abu ke damunta. Muna tsakiyar gada ta fara, kuma bata tsaya ba har gida. Yarinyar da tayi ƙaramar zakanya shekararta nawa? Tana zuwa makaranta kuwa? Yaya tace yara da yawa ne suke karɓa-karɓa, ba kullum mutum ɗaya ba. Waye ya ɗinka giwar? Da me akayi fuskar da bata yi masa nauyi? Mutumin da ke riƙe da cilakowa, ya akayi tun ana ganinshi har aka daina ganinshi alhali yana nan? Wannan tambayar ta ƙarshe ni kaina bani da amsarta. Sai can tace, "Mama kin lura kusan dukansu baƙaƙe ne irinmu, kuma Turawa ne suka biya kuɗi suna tafa musu?" Yaya ta kalle ni ta kawar da kai.

A jirgin komawa na sake buga lissafin, wannan karon ta ɗaya gefen. Mutanen da suka fito gaisuwa a ƙarshe sun cika dandalin, ga makaɗa, ga masu wuta, ga waɗanda ke baya ba'a ganinsu, dabbobin da ake sarrafawa sun haura ɗari biyu kuma kullum sai an gyara wanda ya karye, ga haya a tsakiyar Landan. A matsayina na 'yar kasuwa bazan ce sunyi tsada don zalunci ba, kaya ne mai tsada aka saida shi da tsada. Leshi ma akwai na dubu ashirin akwai na dubu ɗari uku, kuma ban taɓa ba mai siyan na dubu ɗari uku shawara ta ɗinka ma yaron goye ba. Ni kuma gashi nayi.

Washegari muka je gidan tarihin halittu da ke South Kensington, shiga kyauta. Kana shiga ƙasusuwan wani kifi whale ne rataye a sama, tsawonshi mita 25, ga ɗakin dinoso da wani ƙato da aka yi yana motsi yana gurnani. Auta ya zama wani mutum daban. Gudu yake daga wannan gilashi zuwa wancan, yana ihu yana tambaya, babu mai juyowa ya kalle ni ta saman tabarau, in fitsari ya kama shi mu tafi mu dawo abin na nan inda muka barshi. Awa uku mukayi bai ce ya gaji ba. Ko sisi ban kashe ba sai na ruwa. Da daddare babanshi ya kira yace Auta me ka gani a Landan, yace mai keke da wuƙa, da dodo mai haƙora. Wasan fa? Yayi tunani yace an bashi askirim.

Ƙawata da zata kawo nata yaran bana ta tambaye ni ko ta siya. Nace mata wanda ya kai bakwai ko takwas, wanda zai iya zama awa biyu da rabi kuma ya san labarin tun daga gida, in da hali ki kaishi, kuma in zaki kai ki daure ki siya ƙasa bakin hanya, gara mutum biyu a wuri mai kyau da mutum biyar a ƙololuwa. Ki fara neman na Kids Week tun da wuri ko da bizar bata fito ba ki sa 'yar uwarki ta sa ido. Ƙaramin kuma ki barshi gida, zaiyi kukan minti goma ya manta, hoton da kike tunani kuma ba'a ma yarda a ɗauka a ciki ba, ni nawa a bakin ƙofa muka yi shi, wanda ko ban siya tikiti ba zan iya tsayawa in ɗauka. In kuma kuɗin zai taɓa na makaranta ko sai anci bashi, toh a barshi, dubban yara sun girma lafiya ƙalau basu ga giwar ƙyalle ba.

Muka dawo Kano farkon Satumba, aka koma makaranta, maganar ta lafa, ni har na ɗauka ta wuce kamar sauran abubuwan yara. Sai da azumi ya kai goma, lokacin tashe. Na dawo daga kasuwa na tarar da tsakar gida kaca-kaca da kwalin taliya da gam da yankakkun ƙyallayen da nake tarawa na tela. Ummi ta tara 'ya'yan ƙannen babanta su shida ta raba musu aiki. Ta yanka fuskar kura ta ɗaure ta da tsohon ɗankwalina a saman kan ɗaya daga cikinsu, a saman kai fa, ba'a fuska ba, tana masa faɗa wai in zaka yi cizo ka duƙa ta sauko. Ba labarin zakin Landan ta ɗauko ba, Gizo ne da kura da ta koya a bakin Hajiya. Shuɗin zanina na gado shi ne tafki, an ɗaura masa igiya wani yaro na ja daga ƙarƙashin tabarma. Auta da wani suka shiga cikin buhu su ne giwa, giwa mai ƙafa huɗu da silifas kala biyu.

Ban barsu sun fita layi ba, bayan an sha ruwa a gidan Hajiya suka yi ma kawunnansu da gwaggonninsu. Giwa ta faɗi sau biyu, tafki ya maƙale a ƙafar kujera sai da aka tsaya aka cire, Hajiya tayi dariya har tana share ido da gefen hijabi. Aka zagaya da kwano aka tara musu naira dubu huɗu da ɗari uku, Ummi ta ƙirga ta raba bakwai ta riƙe canjin wai na gam. Abban Ummi ya ciro waya ya danna ya danna, ya matso kusa da ni yace a wannan tafiyar saura azumi ɗari da talatin da tara mu maida kuɗinmu. Ummi ta jiyo shi daga inda take tattara kwalaye, tace "Abba ai badi da raƙumin dawa zamu yi, ka samo min sanduna huɗu dogaye."